Kunun Biko

Yau kwana huɗu ke nan da aukuwar abin da zan ba da labari, kuma ko da yake an wanke daɓen zaurena sau uku, an turara shi da turaren wuta, an shanya tabarmi a rana har sun ƙeƙashe, har yanzu duk wanda ya yi sallama ya shigo sai in ga ya ɗan dakata a bakin ƙofa, ya ɗaga hanci, sa'an nan ya dube ni da irin kallon da ake yi wa mutumin da aka daɗe ana kyautata wa zato. Saboda haka na ga ya fi mini in rubuta al'amarin da hannuna tun kafin 'yan majalisar bakin tasha su gama yi masa sharhi da hashiya, gama a ruwayar da ta iso kunnena jiya har an kai ga cewa ganga uku aka kama a gidana, alhali kuwa jarka ɗaya ce tak, ita ma ba kama ta aka yi ba, ita ta kai ƙarar kanta.

Asalin fitinar bai taka kara ya karya ba. Wani dare bayan sallar lisha uwargida ta kawo mini kunun zaƙi mai sanyi, na kurɓa, maimakon in yi hamdala in yi shiru yadda kowane mai hankali yake yi, sai na buɗe baki na ce sukari ya yi yawa, na ƙara da cewa kunun zaƙi na asali, wanda kakanninmu mata suke yi, ba ya bukatar sukari ko ƙwaya ɗaya, domin zaƙinsa daga tsiro yake fitowa. Kuma da yake shekara 19 ke nan ina koyar da kimiyya a makarantar sakandare nan Ƙauran Namoda, ban tsaya nan ba sai da na yi mata darasi cikakke. Ta saurara har na dasa aya, ta ce, "Malam, tun da ka san shi haka, ga madafa can, ba a kulle take ba." Na mayar da wata magana wadda ba zan rubuta ta ba. Kafin hantsi ya dubi ludayi tana gidansu a Zurmi.

Ran Talata muka tafi biko ni da kawuna. Surukina limamin unguwa ne, malamin zaure mai karantar da Risala da Muhtasar, mutum mai ƙarancin magana da yawan kwarjini, wanda a shekarun aurena duka ban taɓa ganin haƙorinsa ba. Ya saurari kawu, ya yi shiru tsawon jan carbi guda, ya ce, "Ku tahi. Ran Assabar ni da kaina za ni maido ta." Mutum mai rabo a nan zai koma gida ya tanadi fura da nono da goro, ya jira baƙinsa, ni kuwa, tun muna cikin mota, Shaiɗan ya raya mini cewa babu tarbar da ta fi in shayar da su kunun zaƙi na hannuna, marar sukari, wanda zai zama hujja yankakkiya ba tare da na sake furta kalma ba.

Ilimin abin, in ba don ni na ɓata shi ba, ilimi ne mai kyau. Ƙwayar hatsi cikinta sitaci ne, sitaci kuwa ba shi da zaƙi a harshe. Amma idan aka jiƙa ta ta fara tsiro, Allah cikin hikimarsa ya sanya mata wani sinadari mai narkar da sitacin ya koma sukari, domin ɗan tsiron ya sami abin ci kafin ya yi saiwa. Wannan sinadari shi mata suke ara. Su jiƙa gero, su markaɗa da citta da kanumfari da masoro, su raba ƙullun biyu, su dama kaso babba da tafasasshen ruwa har ya yi kauri, su bari ya sha iska, kana su zuba ɗanyen kason da aka haɗa da niƙaƙƙen tsiron shinkafa ko dankali, su rufe ya kwana. Da safe sai a tarar ya tsinke ya yi zaƙi, a tace. Sirrin duka a zafi yake, domin in ya yi yawa sinadarin ya mutu, in ya yi kaɗan aikin ya yi nawa, su kuwa mata da bayan hannu suke aunawa ba su kuskure ba. Ni na raina bayan hannu. Na duba a waya na ga cewa a Jamus da Ingila masu sarrafa tsiron sha'ir, wato in faɗi gaskiya masu dafa giya, waɗanda matakinsu na farko bai bambanta da na kunun zaƙi ba sai a suna, suna tsare damun a wajen digiri 65 har sa'a guda, kuma masu yi a gida ba su da muhawarar da ta wuce ta mazubi, ko tukunyar ƙarfe ko kula mai riƙe zafi. Na yi wa kaina fatawa cewa taka matakin farko ba laifi, tun da ba ni da niyyar taka na biyu. Abin da ban kawo a rai ba shi ne matakin na biyu ba ya jiran niyyar kowa.

A nan ne maƙwabcina, wanda muke ce wa Baba, ya shigo labarin, kuma bai fita ba har yau. Tsoho ne da ya haura 80, tsohon ma'aikacin reluwe, wanda ya fara aiki yana zuba wa jirgi gawayi tun ana tafiya da tururi, kuma a wurinsa tarihin duniya ya fara ne a 1929, shekarar da dogo ya iso Ƙaura daga Zariya ta Gusau ya tsaya. Abin da ya gabaci haka, har da yaƙe-yaƙen Namoda mai garin, duk share fage ne. Babu mas'alar da za ka kawo masa, ta aure ce ko ta ciwon baya, face ya warware ta da ƙiyasi a kan jirgin ƙasa. Da ya ji niyyata ta katanga, bai jira gayyata ba, ya zagayo da sandarsa ya ce, "Tica, tsiron shinkafa ba a sayen shi sai Shinkafi. Sunan ma ya gaya maka." Na san wannan ba dalili ba ne ko a wurin yara, amma ya dace da bukatata, gama masu sayar da tukwane a kasuwar Ƙaura duk sun san uwargida, kuma kafin in gama tayi labari ya isa Zurmi. Ran Alhamis, ranar da kasuwar Shinkafi take ci, na jiƙa gero tiya biyu tun jiyanta, muka kama hanya ni da Baba.

Mun fara da rumfar masu tukwanen ƙasa, inda wata tsohuwa, da ta ji abin da nake nufi, ta jawo wata kwatanniya mai faɗin baki da randa madaidaiciya, ta ƙwanƙwasa su da zobenta suka yi amo, ta ce, "Ɗana, ka dama a wagga, ka tace a wagga, ka rufe da faifai. Kunu rai gare shi, yana son numfashi." Na yi mata murmushin da mai takarda yake yi wa marar takarda, na ce randa tana tsotse zafi, ba za ta riƙe mini digiri 65 ba. Ta ce ba ta san shi ba, ɗan wane gari ne. Muka wuce masu tukwanen dalma, Baba ya ƙi su domin a cewarsa ƙarfen da ba a yi dogo da shi ba ba ƙarfe ba ne. Muka wuce masu masaki da ƙorai, ni na ƙi su domin ba su da murfi. Har muka iso wurin wani saurayi mai kayan roba, wanda ya ɗora hannu a kan wata shuɗiyar kula ya rantse mini cewa ko numfashin sauro ba ya fita daga cikinta. Na saya. Na haɗa da jarka ruwan ɗorawa mai cin lita 25, irin ta man girki, wadda aka wanke fes, da abin tata, da muciya sabuwa, da tsiron shinkafa busasshe. Baba ya sa aka ƙara mini ɗan yankin robar tayar keke. "Ta ɗaure murfi ce," in ji shi. "A reluwe, ƙarfin jirgi duk a tsare huci yake. In ka bar huci ya fita, albarka ka bari ta fita."

Ba zan ɓoye ba, aikin ya yi kyau, kuma wannan ne ya halaka ni. A daren nan na dama, na tsoma ma'aunin zafin da na aro daga ɗakin gwaji, na jira har ya sauko inda nake so, na zuba tsiro, na rufe kula, Baba ya lulluɓe ta da bargo ya jefa ƙusa ɗaya a ciki ba da sanina ba, wai don kada aljanu su sa baki. Da asubar Juma'a na buɗe na tarar abin da ya kwanta da kauri kamar tuwo ya tsinke ya zama ruwa, na ɗanɗana, ga zaƙi sosai. Sai dai, tun da na ɗauki alkawarin faɗin gaskiya, zaƙin bai kai na uwargida ba. Don haka na leƙa hagu da dama, na zuba sukari kwano guda, na motsa da sauri. Na tace, na ɗura a jarka har wuya, na sa leda a baki, na murɗa murfi, Baba ya naɗe shi da robar keke ya ja har jijiyar wuyansa ta fito, muka kai ta lungun zaure muka rufa mata jiƙaƙƙen buhu.

Ran Asabar da hantsi aka bugo waya daga Zurmi cewa direbobi sun ƙi lodi, an ce hanya ba kyau. Kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki a 'yan shekarun nan, Allah ya kawo mana sauƙi, ba a musu da direba. Lahadi ma haka. Tsakiyar bazara ce, wuta ba ta zo ba, ƙanƙarar da na sayo ta narke kafin in biya mai babur. Jarka kuwa, wadda na sayo ta da kusurwa huɗu kamar kowace jarka, ran Lahadi da yamma ta fara rasa kusurwoyinta, ran Litinin da safe ta zama kamar akuya mai cikin tagwaye, gindinta ya turo har ba ta zauna daidai, in iska ta shigo sai ta yi rangaji. Ni ne nake tsayawa gaban allo kowace shekara in gaya wa yara yadda Bafaranshen nan Pasteur ya tabbatar cewa wasu halittu ƙanana da ido ba ya gani su ke cin sukari su fitar da barasa da iska. Ni ne nake cire maki ga wanda ya manta. Amma da na nuna wa Baba, ya shafa cikinta ya ce, "Albarka ce, Tica, abu ya ƙaru," sai na ga maganarsa ta fi ta Pasteur daɗin ji, na yi masa taƙlidi.

Sun iso ran Litinin tsakanin azahar da la'asar. Uwargida da gwaggonta suka wuce ciki, maza suka zauna a zaure: surukina a kan darduma, da farin rawani da alkyabba mai ruwan ƙasa, ƙanensa a damansa, manyan almajiransa biyu a baya, kawuna da mai unguwa a gefe, Baba kuma, wanda ba wanda ya kira, a bakin ƙofa. Ni na durƙusa can nesa cikin farar shaddata ta Salla, babbar riga mai sitaci wadda in na tsaya take tsayawa da kanta, kaina a sunkuye yadda surukuta ta hukunta. Aka yi gaisuwa, aka tambayi hanya, aka yi addu'a, kawu ya fara jawabin ban haƙuri, kowa idonsa a ƙasa saboda nauyin maganar. Na ga lokaci ya yi. Na ja jiki a hankali zuwa lungu, na yaye buhu, na jera kofuna, na warware robar keke, na yi bisimilla, na murɗa murfin kwata ɗaya.

Ƙarar da ta fito ba ta da ƙarfi da farko, siririya ce kamar ta kububuwa a cikin kara. Na yi maza in mayar da murfin, sai ya zame daga zarensa ya karkace, ƙarar ta yi kauri, kumfa ta fara tsartuwa ta gefe, na danne da tafin hannu biyu ina jin abin yana ture ni kamar ɗan maraƙi. A daidai nan, cikin jama'ar da ba wanda ya ɗago kai, Baba ya rage murya, a zatonsa raɗa yake yi, ya ce, "Tica, zauna kai! Zauna kai!"

Na zauna.

Na sha juya wannan daƙiƙa a raina dare huɗu, ina neman inda hankalina ya tafi, ban same shi ba. Na dai san na juya, na tattara riga, na ɗora dukkan nauyina a bakin jarka, babbar riga kuma, da yake mai sitaci ce mai faɗi, ta sauko ta lulluɓe jarkar ruf har ƙasa, ba a ganin ko hannunta. Saboda haka lokacin da mutane bakwai suka ɗago kai gaba ɗaya don su ga daga ina ƙarar take, abin da idonsu ya gane musu shi ne mijin 'yar liman, malamin makaranta, mai shekara 46, ya bar durƙuso ya hau wani abu ya yi zaman sarauta sama da surukinsa, ya zare ido, gumi yana bin gemunsa, kuma daga ƙarƙashin rigarsa wani sauti yana fita, dogo, marar yankewa, wanda duk ɗan Adam ya san irinsa kuma ba a ambatonsa a gaban manya.

Da ya yi sau ɗaya ya tsaya, da al'ada ta rufa mini asiri, gama Bahaushe ya iya rashin ji. Kawu ma, Allah ya saka masa, ya ɗaga murya ya ci gaba da jawabi kamar mai wa'azi a kasuwa, mai unguwa ya kama tarin da ba shi da shi, ƙanen liman ya shiga duban azarar rufi kamar zai saya. Amma sautin bai tsaya ba. Mutum zai ƙirga arba'in a tsanake bai yanke ba. Kuma abin da ya fi muni, yana bin motsina: in na karkata dama ya yi siriri kamar sarewa, in na karkata hagu ya yi kauri kamar kakaki, in na danne da ƙarfi ya rarrabu gutsi-gutsi kamar babur mai ƙin tashi, har ya zama duk wanda yake wurin ba shi da abin da zai zata face ni nake sarrafa shi da gangan. Kawu ya kai inda numfashinsa ya ƙare, ya yi shiru. Tarin mai unguwa ya ƙare. Sautina kaɗai ya rage a zauren. Ɗaya daga cikin almajiran ya cusa hannun riga a baki, kafaɗunsa suna rawa. Na buɗe baki in yi bayani, sai na tuna ba a yi wa suruki magana kai tsaye sai ya tambaya, na rufe. Na dubi Baba. Ya ɗaga mini babban yatsa ya ce, "Haka! Kada ka ɗaga. Yanzu za ya huce."

Bai huce ba. Sanyi na fara ji yana ratsa wando, sa'an nan farar kumfa ta ɓullo daga ƙarƙashin gefen riga ta kowace fuska, ta taru, ta yi tudu, ta kama hanya a kan daɓe a hankali, ba gaggawa, kamar kogin Gagare a farkon damina, ta bar kawu, ta bar mai unguwa, ta nufi dardumar liman kai tsaye kamar an aike ta. Dukkanmu muka zuba mata ido. Liman bai janye ƙafa ba, domin irinsu ba su janye ƙafa. Ya dube ta har ta taɓa bakin darduma, sa'an nan ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun ranar ɗaurin aure. A lokacin Baba ya sake shawara. "To, Tica, tashi. Amma a hankali, kamar jirgi za ya bar tasha."

Na tashi a hankali. Murfin bai san da hankali ba. Ya tashi kamar harsashi ya bugi azara, bayansa kuma wani ginshiƙin kumfa ya miƙe har rufi, ya watsu, ya dawo mana kamar ruwan farko, a kan rawani, a kan alkyabba, a kan gemu, a kan goron da aka kawo. Jarka ta yi ta aman abin da ke cikinta tana rangaji har ta gaji, ta yi gyatsa biyu, ta yi shiru. Sai warin ya tashi.

A nan al'amarin ya bar hannun kunya ya koma hannun shari'a, kuma sai mai karatu ya tuna inda muke. Jiharmu ce ta riga kowace jiha a Nijeriya, aka yi shelar shari'a a Gusau a watan Oktoba na 1999 zamanin Yariman Bakura, ta fara aiki a Janairun 2000. Haddin mashayi bulala 80 ne. Kuma a mazhabar Imamu Malik, kamar yadda almajiran nan biyu suka sani sarai, wari ma bayyina ne, in adalai biyu suka shaida cewa sun ji shi a bakin mutum. To ga adalai har bakwai a zaune, ga wari ya cika zaure har ya fita titi. Sai dai wanda duk ya ce ya gane warin, tambayar da za ta biyo ita ce a ina ya san shi. Don haka aka shiga wani irin shiru wanda ban taɓa jin kamarsa ba, kowa yana shaƙa, kowa yana nuna bai shaƙa ba. Mai unguwa ya ce shi dai kamar tsamiya yake ji. Kawu ya ce mura yake yi tun Talata. Ƙanen liman ya ce Allah shi ne masani.

"Wanga ai burkutu ne!" in ji Baba, da murna irin ta wanda ya gamu da abokin ƙuruciya. "Sak na Kafancan! Har ma ya fi, don su da dawa suke yi, ba su sa kanumfari." Ya dubi fuskoki, ya ga yadda ake dubansa, ya ƙara da cewa, "Wai. Haka na ji ana faɗi a reluwe."

Surukina ya sa yatsa ya share kumfa daga girarsa, ya duba ta, ya ce, ba ni ya fuskanta ba, kawu ya fuskanta, "An sha?" Kawu ya dube ni, na girgiza kai, ya ce, "Allah gafarta Malam, ba a sha ba." Ya ce, "To, haddi na wanda ya sha ne. Zama a kai kuwa, ban gan shi ga littafi ba."

Da ya tsaya nan da na gode, amma malami ba ya ganin mas'ala ta faɗo a gabansa ya bar almajirai su tashi hannu wofi. Yana zaune cikin kumfa, rawani yana ɗiga, ya tambayi babban almajirin mazuban da aka hana jama'ar Abdulƙaisi jiƙa dabino a cikinsu lokacin da suka zo Madina; yaro ya lissafa huɗu, da duma, da koren tulu, da kututturen dabino da aka fafe, da wanda aka shafe da kwalta. Ya tambayi wanne Ibnu Abi Zaidin mutumin Ƙairawan ya kawo a Risala. Ƙaramin ya ce duma da mai kwalta, kuma ko da yake malamai da yawa sun tafi a kan an shafe hanin daga baya, Malik ya bar karhanci a kan waɗannan biyu. Ya tambayi illa. Suka ce domin abin sha yana saurin juyawa a cikinsu mai shi bai sani ba, saɓanin salka. Sa'an nan ya nuna jarkata da carbi ya ce, "Wagga fa, da wanne za a ƙiyasta ta?" Suka haɗa baki suka ce da mai kwalta. Marubucin Risala ya rasu tun shekara ta 386 bayan hijira, fiye da shekara dubu ke nan, tsohuwar Shinkafi kuma ba ta taɓa buɗe littafinsa ba, ni kaɗai ne a tsakaninsu na biya kuɗin mota na je na zaɓo.

Saura mas'alar tsarki, domin la'asar ta gabato: in abin ya kai ga sa maye najasa ne, in bai kai ba tsami ne kawai, kuma ba a sanin haka sai an sami mai sha da yawa. Ido bakwai-bakwai suka koma kan Baba. Ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Ni na tuba tun zamanin Murtala." Liman ya hukunta a bar shubuha a wanke duka. Haka aka kwashe riguna da rawani da alkyabba aka miƙa cikin gida, na fito da duk abin da ke cikin akwatina na rarraba, surukina ya ja mu salla cikin tsohuwar jallabiyata wadda ta tsaya masa a ƙwauri, mai unguwa a sahun gaba da rigar wasannin makarantarmu mai lamba 9 a baya.

Uwargida ba ta ce mini kome ba sai bayan magariba, ina tsugune ina kankare daɓe da tsintsiya, na ji motsinta a bayan ƙyaure. Ta ce, da murya mai ladabi ƙwarai, "Malam, sannu da aiki. Na ga kwanon sukarina ya yi ƙasa, ko ɓera ne?"

Washegari da sassafe Baba ya ƙwanƙwasa ƙofa, fuskarsa cike da annuri, ya ce bai yi barci ba yana tunani, kuma ya gano inda aka yi kuskure. "Tica, tsufa ne. Na manta tukunyar jirgi tana da bawul a ka, in huci ya yi yawa shi ke busawa ya rage. Robar ba laifinta." Ya zaro wani abu daga aljihu ya ɗora mini a tafin hannu, bawul ɗin tayar keke ne. "Ran Alhamis sai mu koma Shinkafi," in ji shi. "Wannan karon mai lita 50 za mu ɗauko."